Soye-soyen Gishiri na Shan Shayi a Jihar Kebbi

Soye-soyen gishiri su ne ƙananan abubuwan ci da ake tsomawa cikin mai mai zafi ko a toya a kasko, waɗanda ɗanɗanonsu ya dogara ga gishiri da albasa da yaji maimakon sukari. A Jihar Kebbi ana cin su da shayi da safe, ko bayan la'asar idan an yi baƙi, a watan azumi kuwa da wuya a shimfiɗa tabarmar buɗa-baki babu su. Akwai na gargajiya, irin su ƙosai da masa da ƙuliƙuli da ƙosan rogo, akwai kuma waɗanda suka shigo daga baya, kamar awara da wainar fulawa da samosa. Sun bambanta da fanke da alkaki da dubulan, waɗanda na zaƙi ne. Shayin da aka saba sha a gidaje ya riga ya ji sukari da madara, shi ya sa baki ya fi marmarin abin da zai karya masa zaƙin.

Kayan haɗi

Kusan duk abin da ake bukata ƙasar Kebbi tana samar da shi. Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙasar fadama ce da tudu. Fadamun Argungu da Birnin Kebbi da Suru suna ba da shinkafa. Aliero ta yi suna wajen albasa, har ana lodinta zuwa kudancin Najeriya da maƙwabtan ƙasashe. Kifi yana zuwa daga Argungu, garin da ake bikin kamun kifi tun 1934, da kuma Yauri a bakin Kogin Kwara. Wake da gyaɗa da rogo suna fitowa daga gonakin tudu, su hallara a manyan kasuwanni irin ta Jega. Abin da uwargida ke saye a shago bai wuce fulawa da yis da dunƙule da ganyen shayin kansa ba. Ganyen ma ana noma shi a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, ko da yake mafi yawan wanda ake sha daga waje ake shigo da shi.

Ƙosai

Ƙosai ne ya fi kowanne yaɗuwa, kuma shi ne ya fi nuna gwanintar mai suya. Da farin wake ake yin sa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, wato furotin.

Ana jiƙa waken na ɗan lokaci kaɗan, daidai yadda ɓawon zai saki, sai a surfa shi a turmi a hankali, a wanke, a riƙa tsiyaye dusar da ke tasowa saman ruwa har sai ƙwayar ta fita fes. Sannan a sake jiƙa shi ya yi laushi, a haɗa da albasa da attaruhu da ɗan tattasai a kai markaɗe. A nan ne ake yawan ɓata ƙosai. Masu inji sun fi son zuba ruwa da yawa don niƙa ta yi sauri, ƙullu mai ruwa kuwa ba ya tashi: yana bajewa cikin mai, ya sha mai, ya fito a lanƙwame. Shi ya sa matan da suka san aikin kan bi yaro da gargaɗi, ko su tsaya a kan mai injin da kansu suna cewa, “Malam, kada ka cika mini ruwa.” Ƙullun da ya yi daidai shi ne wanda idan aka ɗebo a ludayi zai zauna, sai an karkata shi ya sauka a dunƙule.

Bayan markaɗe sai bugu. Ana buga ƙullun da muciya ko da tafin hannu, ta fuska ɗaya, na tsawon mintuna, har ya yi fari ya ƙara auki. Bugun yana cusa iska ne cikin ƙullun, furotin ɗin wake kuma ya riƙe ta. Da ya shiga mai sai iskar ta buɗe, ƙosai ya kumbura, cikinsa ya yi saƙa-saƙa. Ana gwadawa ta hanyar ɗiga ɗan ƙullu cikin kofin ruwa. Idan ya taso sama, ya bugu. Gishiri a ƙarshe ake sa shi, dab da suya, kuma ga wanda ake shirin soyawa kawai, domin ƙullun da ya daɗe da gishiri yakan saki ruwa ya kwanta. Wasu kan sa ɗan ruwan kanwa don laushi, amma idan ta yi yawa tana duhunta ƙosai ta ba shi ɗaci. Wake mai kyau da ya sha bugu ba ya neman kanwa.

Gwangwanin madara huɗu na wake, da albasa babba ɗaya da attaruhu uku ko huɗu, sun ishi ƙaramin gida shan shayin safe. Wannan abinci ya ƙetare teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Har yau ana sayar da irinsa a jihar Bahiya ta ƙasar Barazil, inda ake soya shi da manja.

Awara

Awara ba ta daɗe a ƙasar Hausa kamar ƙosai ba. Asalin daskarar da madarar waken suya daga ƙasar Sin yake. A Najeriya amfani da waken suya a girkin gida ya bazu ne sosai daga shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasu hukumomi suka riƙa koya wa mata hanyoyin sarrafa shi. Arha ce ta ba ta karɓuwa: waken suya ya fi farin wake furotin, kuma gidan da nama ya yi wa tsada yana iya sayen sa.

Ana jiƙa waken ya kwana ko ya yini, a markaɗa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗora madarar a wuta. Idan ta tafasa sai a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, wanda aka tsiyaye daga gasara, ko jiƙon tsamiya, ko ruwan lemun tsami. Nan take madarar za ta tsinke, farin ya dunƙule ya taso, ruwan ya koma garai-garai. A kwashe a zuba yankakkiyar albasa da attaruhu da gishiri, a ɗaure a ƙyalle, a danne da dutse ko turmi har ruwan ya tsane. Idan tsamin ya yi yawa awara takan yi tauri ta yi tsami, idan ya yi kaɗan kuma ba ta haɗuwa. Bayan ta daskare a yanka, a soya haka nan ko a tsoma a ruwan ƙwai tukuna. Tafasa madarar sosai wajibi ne, domin ɗanyen waken suya yana da sinadaran da ke hana narkewar abinci, kuma zafi ne ke kashe su ya kore gafin.

Masa da sauran na kasko

Ƙasar da ke noma shinkafa kamar Kebbi ba ta rasa masa. Ana jiƙa shinkafar tuwo, a haɗa da ɗan dafaffiyarta a markaɗa, a sa yis a rufe ta tashi, sannan a zuba gishiri da albasa a toya a tanda da ɗan mai a kowane gurbi. Da miya abinci ce sosai, amma da garin ƙuliƙuli da yaji tana tafiya da shayi. Wainar fulawa ta fi sauri: a dama fulawa da ruwa-ruwa, a sa jajjagen albasa da attaruhu da gishiri, a zuba siriri a kasko da ɗan mai ko manja. Ƙosan rogo kuma da dafaffen rogo ake yi, a daka, a haɗa da kayan yaji, a mulmula a soya. Rogon ci mai zaƙi ake nema. Mai ɗaci yana da guba, sai an jiƙa an matse an sarrafa shi sosai kafin ya ciwu.

Ƙuliƙuli shi kaɗai ne cikinsu ke yin makonni bai lalace ba. Ana soya gyaɗa, a murje, a niƙa, a riƙa juya ƙullun da ɗan ruwan zafi har mai ya fito. Tunkuzar da ta rage ita ake sa wa gishiri da yaji, a murza a soya cikin man da aka cire daga jikinta. A tsince gyaɗar da kyau tun farko, a zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta canja launi, saboda gubar afulatoksin da ke illata hanta, wadda suya ba ta kawar da ita.

Samosa

Samosa baƙuwa ce, amma tsohuwar baƙuwa a duniyar Musulmi. Littattafan girki na Larabawa sun ambace ta da sunan sanbusak tun ƙarnoni da dama, kuma matafiyi Ibn Battuta ya bayyana yadda ake kawo ta a fadar Sarkin Delhi Muhammad bin Tughluk a ƙarni na 14, cike da niƙaƙƙen nama da albasa da kayan ƙamshi. A gidajen Kebbi an fi ganinta a azumi da biki.

Ana dama fulawa da gishiri ta yi ruwa-ruwa, a shafa siriri a kasko marar kamu, a ɗaga da zarar ta bushe ba tare da ta yi ja ba. A raba faifan biyu, a naɗe kowane rabi ya yi baki uku, a zuba haɗi, a liƙe bakin da kwaɓin fulawa mai kauri. Haɗin na iya zama nama, amma a ƙasar da ke da tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, na kifi ya fi sauƙin samu kuma bai gaza na nama daɗi ba. A sulala kifin da citta da tafarnuwa don kashe ƙarni, a zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a dagargaza, a soya sama-sama da albasa mai yawa har ruwan ya ƙone. Sai ya huce ake zubawa. Haɗi mai ɗumi ko mai ruwa yana jiƙa fatar ta fashe cikin mai.

Mai da wuta

Duk wahalar surfe da bugu da naɗi tana iya tafiya a banza a bakin kasko. Man gyaɗa aka fi so saboda ƙamshinsa da jure zafi. Zafin da ya dace da suyar tsomawa yana tsakanin digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas. A gida ana gane shi ne ta jefa yankin albasa ko ɗigon ƙullu: idan ya nutse ya zauna shiru, mai bai yi ba, idan ya taso nan da nan yana ƙyalƙyala, ya yi, idan mai yana hayaƙi, ya wuce, a rage wuta. A cikin mai mai isasshen zafi, ruwan da ke jikin abin suya yana fita a matsayin tururi, shi ke tare mai ya hana shi kutsawa ciki. Mai sanyi ba ya tayar da wannan tururin, shi ya sa ƙosai ke fitowa jagab. Cika kasko da yawa ma yana sanyaya mai, gara a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Wuta mai ƙarfi fiye da kima kuma tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye.

Idan an kwashe da matsami a zuba a kwando ko rariya mai ya tsane. Kada a rufe da zafinsa, domin gumi yana kashe ƙaras-ƙaras ɗin. Takardar jarida ba wurin zuba abin ci ba ce, tawadarta tana narkewa cikin mai.

Amfanin yin suya a gida ya fi fitowa ne a nan, wajen sanin man da aka ci. Man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa ko wari, ya lalace, kuma bai kamata a ba iyali abin da aka soya da shi ba. Wanda bai kai haka ba a bari ya huce, a tace, a rufe a ajiye inda rana ba ta kaiwa, kuma a ware man kifi daban. Idan mai ya kama da wuta a kashe murhu a rufe kaskon da murfi. Zuba ruwa yana watsa wutar ne. Yara kuma a nisanta su daga murhun ƙasa, inda kasko ke daidai tsayinsu.

Ta fuskar lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙule kansa mafi yawansa gishiri ne, yajin da ake barbaɗawa ma yana ɗauke da nasa, don haka mai hawan jini ya sa a rage masa tun daga ƙullu. Baƙin shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga wake da sauran tsirrai idan an haɗa su lokaci ɗaya. Masu juna biyu da masu ƙarancin jini za su fi amfana idan suka ci ƙosai ko awara tukuna, suka jinkirta shayin kamar awa ɗaya, ko suka haɗa da lemu ko tumatir, waɗanda ke taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin.

A zafin bazara na Kebbi, ƙullun wake yana tsami cikin 'yan awanni, ƙosai da awara da samosar kifi kuma a ranar da aka soya su ake cinye su sai dai in akwai firji. Samosar da aka naɗe ba a soya ba tana jure makonni a firiza, kuma daga can ake jefa ta cikin mai kai tsaye, a wuta matsakaiciya don cikin ya yi zafi kafin bayan ya yi ja.