Waiwaye: Yadda Aka Koyi Bambanta Ƙullutun Nono da Na'urar IRM

Macen da ta ji ƙullutu a nononta ta tafi asibiti a Maradi, tambayarta ba ta wuce ɗaya ba: wannan abin sankara ne, ko ƙari ne marar illa? Likita zai fara da duba ta da hannu, sannan ya tura ta ekografi, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti, kuma sau da yawa hakan kan wadatar. Amma akwai ƙullutun da ke rikita ido, kuma saboda irinsa ne ake maganar IRM, kamar yadda likitocinmu ke rubuta sunan na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, wadda ake kira MRI a Najeriya.

Neman amsar ya daɗe. A 1913 wani likitan tiyata na Jamus, Albert Salomon, ya ɗauki hoton radiyo (X-ray) na nonon da aka cire wa marasa lafiya, daga nan mamografi ta samo tushe. Rauninta shi ne, idan naman nono na da kauri, kamar yadda yake ga mata masu ƙuruciya, ƙari kan ɓuya a cikinsa. A 1971 Raymond Damadian ya nuna cewa naman sankara da lafiyayyen nama ba sa amsa maganaɗisu iri ɗaya, sai Paul Lauterbur ya fito da hanyar mayar da amsar hoto a 1973. Duk da haka, hotunan nono na farko ba su gamsar da likitoci ba, domin mugun ƙari da marar illa kan fito kusan kama ɗaya.

Sauyin ya zo ne daga ruwan allura mai ɗauke da sinadarin gadoliniyom. Tun 1971 Judah Folkman ya bayyana cewa sankara ba ta girma sai ta janyo wa kanta sababbin jijiyoyin jini, waɗanda suke da yawa kuma suke yoyo, shi ya sa ruwan allurar kan taru a inda take. A 1986 Sylvia Heywang da abokan aikinta a Jamus suka wallafa cewa idan aka ɗura ruwan a jijiya, sankarar nono kan haskaka a hoto. Werner Kaiser ya ƙara da ɗaukar hotuna a jere, domin a ga saurin shigar ruwan.

Matar kan kwanta rubda-ciki, nononta a cikin wasu ramuka biyu na na'urar, da allura a hannunta, ana ɗaukar hoto kafin ruwan ya shiga da kuma na wasu mintoci bayan shigarsa, na'urar tana ta ƙara kamar injin niƙa. Abin da likita ke bi shi ne halin ƙullutun da ruwan. A 1999 Christiane Kuhl ta jami'ar Bonn ta duba ƙullutu 266, ta raba halinsu gida uku: wanda haskensa ke ta ƙaruwa a hankali, wanda ke tashi ya tsaya, da wanda ke tashi da sauri ya dushe. Manomi zai gane wannan ba wuya, domin jigawa kan sha ruwa nan take ta sake shi, laka ta fadamar Gulbi kuwa a hankali take sha ta riƙe. Kusan kashi 83 cikin ɗari na marasa illa sun bi hali na farko, kashi 57 na sankara suka bi na uku.

A ganina, waɗannan alƙaluman su ne suka fi nuna iyakar na'urar, tun da sankara da dama ba ta bi hali na uku ba, wasu ƙari marasa illa kuma suna haskakawa sosai. Ko lafiyayyen nono kan yi haske gwargwadon inda mace take a al'adarta ta wata. Shi ya sa a 2003 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta shigar da IRM cikin tsarinta na BI-RADS, wanda ke haɗa halin ruwan da siffar ƙullutun: mai santsin gefe ya fi kwantar da hankali, mai tsika-tsika kamar ƙaya kuwa abin zargi ne. A 2007 ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ba da shawarar yin hoton kowace shekara ga matan da haɗarinsu ya yi yawa, irin masu gadon lahani a ƙwayoyin halittar da ake kira BRCA1 ko BRCA2.

Kafin a ɗura ruwan, ana bincikar lafiyar ƙoda, domin tun 2006 aka gano alaƙarsa da wata cuta mai taurara fata ga masu ciwon ƙoda mai tsanani, kuma ba a ba mai juna biyu. Idan hoton ya nuna abin zargi, likita zai ciro ɗan tsoka da allura a kai ɗakin gwaji, kuma sakamakon gwajin ne ake ɗora magani a kansa.