Mahauta, ku daina yanka sa da gajiya a jikinsa

Mako ba ya wucewa wani mahauci bai tare ni a kwata da ƙorafi iri ɗaya ba: "Malam, dubi naman nan, ya yi duhu kamar hanta, ga shi tun kafin la'asar ya fara canza wari. Ko dai san ba shi da lafiya ne?" In duba huhu, in duba hanta, lafiya ƙalau. In na tambayi lokacin da aka sauke shi daga mota, sai a ce da asuba. Yaushe aka yanka? Da asubar nan. To ciwon ke nan, kuma mu muka sa masa da hannunmu.

Tsokar sa tana da wani sukari da take ajiyewa. Bayan yanka, cikin kimanin awa 24, sukarin nan yana juyewa ya zama ɗan tsami a cikin naman. Shi ke ba nama jan launi mai haske, shi ke hana ƙwayoyin cuta saurin samun wurin zama. A ma'aunin tsami da muke amfani da shi (pH), wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, naman san da ya huta yana sauka wajen 5.5, na wanda ya wahala kuwa yana tsayawa a 6 ko sama da haka. Yunwa, tsoro, faɗa da duka su ke ƙone ajiyar nan tun dabbar tana da rai. Ka yanka ta a haka, ka sami nama mai duhu, mai danƙo, mai saurin lalacewa, a ƙasar da rana ba ta da sauƙi, wutar firji kuma ba tabbas.

Ku duba abin da muke yi. A ɗora shanu a tirela daga Potiskum ko Maigatari ko Mubi, a cusa su ƙaho na gugar ƙaho, su yi kwana biyu ko uku a hanya kafin su kai kwatar Oko-Oba a Legas, da yawa ko ruwa ba su gani ba. Na kusa ma da ake korowa da ƙafa daga kara, a guje ake kawo su. Ana saukewa sai sanda ta fara aiki. Wanda ya durƙusa a murɗe masa wutsiya, a yi ta jibgarsa a gadon baya da cinya, har akwai masu zuba barkono a ido wai don ya miƙe. Haba jama'a! Cinyar da kake duka ita ce mai kilishi zai zo nema anjima. Duk inda sanda ta sauka jini ya kwanta a tsoka, sai an yanke an zubar, in ana son gaskiya. Fatar ma shatin duka yana rage mata daraja a wajen majema.

Na san halin da kuke ciki, 'yan'uwa. Kuɗin mutane ne, dillali yana jira, mai tsire yana jira, kowane kwana da sa zai ƙara a turke kuɗin harawa ne. Amma a lissafa da naman da ake gyaftarewa, da wanda ake karyarwa da yamma don ya fara juyawa, da matar da ta sayi naman miya ta rantse ba za ta koma teburinka ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai kiwon turke. Ya yi watanni yana ɗura wa bijiminsa dusa da harawa da ƙowa, yaro da gora ya ɓata aikin a dare ɗaya.

Kullum ana musu a kwata ko naman Bokoloji ya fi na Bunaji. Ku ci gaba da musunku. Taurin naman tsohuwar saniya ko san huɗa daga yawan jijiya ne da shekaru, wannan ba laifinku ba ne, doguwar dahuwa ce maganinsa. Amma duhun nan da saurin warin nan ba iri ne babban dalilinsu ba. Kowane sa ka gallaza wa, haka namansa zai fito.

Kuma duk mun san hadisin da ya umarce mu da kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Muna wasa wuƙar, hutun ne muke tsallakewa.

Abin yi ba shi da yawa:

- An sauke sa, a ba shi ruwa nan take, a kai shi inuwa.
- Ya huta aƙalla awa 12 zuwa 24. Wanda ya yi doguwar tafiya, kwana biyu ko uku, da abinci.
- Kada a haɗa baƙin bijimai wuri ɗaya, faɗa za su kwana yi.
- A ajiye sanda. A kora a hankali, ba ihu.
- Wanda ya kasa tashi, a kira malamin dabbobi ya duba.

Sarakunan fawa, ranku ya daɗe, wannan a hannunku yake. Ku sa a gina kwamin ruwa da rumfa a bakin kwata, ku kafa doka cewa san da aka sauke yau sai gobe za a yanka shi. Yaran da ke kora kuma, duk wanda aka kama yana dukan dabba a ci ubangidansa tara, domin shi ya tsaya yana kallo.