Waiwaye: yadda aikin yoyon fitsari ya sauya a Kano

A da, idan doguwar naƙuda ta huda wa mace mafitsara, abin da likita zai ce mata shi ne ta koma gida, ta dawo bayan wata uku, sai naman wurin ya warke kafin a ɗinke. Wata ukun nan kuwa su ne mafi ɗaci. A cikinsu ake ware mata kwano da tabarma, a cikinsu kuma aure da yawa ke mutuwa.

Wanda ya girgiza wannan al'ada a Arewa shi ne Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, da ya zo asibitin Babbar Ruga a Katsina a 1983 don aikin kuturta, sai mata masu yoyo suka ja hankalinsa. A 1990 aka buɗe cibiyar Laure ta masu yoyon fitsari a asibitin Murtala da ke cikin birnin Kano, shi kuma ya riƙa zuwa yana aiki yana koyar da likitoci. Dabararsa ba ta da tsada: da zarar yoyo ya fara, a sa robar fitsari, mace ta yi ta shan ruwa, in ramin bai rufe ba a ɗinke da wuri. A rahoton da ya fitar a 2004 kan mata 1,716 na Katsina da Kano, kusan kashi 15 cikin ɗari sun warke da roba kaɗai, babu wuƙa. A ganina, duk tarihin nan babu sakamakon da ya kai wannan amfani ga talaka.

A 2005 aka yi gangamin aikin yoyon fitsari na mako biyu a Kano, Katsina, Kebbi da Sakkwato, mata 569 suka amfana.

Daga nan bincike ya koma kan kwanakin jinya. An saba barin roba kwana 14 bayan tiyata, gado kuma ya yi kaɗan. Wani gwaji a ƙasashen Afirka takwas, har da Najeriya, da aka buga a mujallar Lancet a 2015, ya nuna cewa ga ramin da ba shi da sarƙaƙiya, kwana bakwai ma sun isa: ɗinki ya warware ga kashi 4 cikin ɗari na masu kwana bakwai, kashi 3 na masu kwana 14. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kwana 7 zuwa 10. Ke nan gado ɗaya zai karɓi mata da yawa.

Sai dai rufe rami ba shi ne bushewa ba. Akwai wadda ɗinki ya kama amma fitsari bai daina zuba ba, saboda bututun fitsarin ya lalace. A Gini an bi sawun mata 481 bayan sallama, aka tarar cikin shekara biyu yoyon ya dawo wa kusan kashi 16 cikin ɗari. Shi ya sa ake jaddada wa duk wadda aka sallama cewa haihuwa ta gaba a asibiti za ta yi, kuma ta hanyar tiyata.