Me Doka Take Nufi da Fitar da Kaya Waje?

Kalmar export ta Ingilishi ta samo asali ne daga Latin, inda ex ke nufin waje, portare kuma ke nufin ɗaukar kaya. Faransanci ya gaji wannan tushe ya ce exportation, Jamusawa suka ƙera tasu suka ce Ausfuhr, wato jigilar abu zuwa waje, Larabawa kuma suna cewa tasdir, daga saiwar da ke nufin fitowar abu daga inda yake. Dukansu abu ɗaya suke nunawa, wato ɗan kasuwa ya ɗaure hajarsa ya tsallaka iyaka da ita. Sai dai doka ta zarce wannan fahimta nesa, kuma a nan ne masu sana'a da yawa ke taka doka ba tare da sun sani ba.

Abin da ma'aikatan kwastan ke dubawa shi ne yankin kwastan, wanda ba lallai ne ya yi daidai da iyakar ƙasa ba. Yarjejeniyar Kyoto ta Hukumar Kwastan ta Duniya, wadda aka sabunta a 1999 ta kuma fara aiki a 2006, ta bayyana fitarwa ta dindindin da cewa kaya su bar yankin kwastan da niyyar ba za su dawo ba. Shi ya sa motar da aka ɗauko daga Jamus zuwa Faransa ba a lissafa ta cikin kayan fitarwa a dokar kwastan ta Tarayyar Turai, domin ƙasashe 27 na tarayyar yanki guda ne, kuma tun 1 ga Janairun 1993 aka kawar da shingen kwastan a tsakanin ƙasashen da ke cikin tarayyar a lokacin. Wannan bambanci yana da nauyi a aljihun ɗan kasuwa, tunda yafe harajin VAT a kan kayan fitarwa ya dogara ne da hujjar cewa kayan sun fita da gaske.

Amurka ta faɗaɗa ma'anar sosai, kuma a ganina wannan ne ya fi cancantar a yi hattara da shi. A ƙa'idojin da Ma'aikatar Kasuwancinta ke zartarwa kan fasahohin da aka sa wa takunkumi, aika zanen na'ura ta imel zuwa wata ƙasa fitarwa ce, ko da babu kwantena babu jirgi. Har ma idan injiniya ya nuna wa abokin aikinsa ɗan wata ƙasa irin wannan bayani a cikin ofis ɗaya a Amurka, doka tana ɗauka tamkar an kai shi ƙasar mutumin, don haka yana iya buƙatar lasisi tun kafin ya buɗe fayil ɗin. An keɓe baƙin da ke da izinin zama na dindindin a Amurka daga wannan hukunci.