Mece ce ma'anar "circuit breaker" a harajin gidaje na Amurka?

Asali kalmar ta masu gyaran lantarki ce: na'urar nan da ke katse wuta da kanta idan lodi ya yi wa waya yawa, kafin gida ya kama da gobara. Masana haraji a Amurka suka ari sunan suka laƙaba wa wani rangwame da ake yi wa masu gida, galibi tsofaffi, idan harajin gidansu ya fi ƙarfin abin da suke samu.

Matsalar ita ce harajin gida da darajar gidan ake lissafa shi, ba ruwansa da aljihun mai shi. Dattijo ya sayi gidansa shekara arba'in da suka wuce, ya gama biyan bashin banki, ya yi ritaya. Unguwa ta bunƙasa, gidan ya yi tsada, haraji ya bi shi sama, fansho kuwa yana nan inda yake. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Jihar Wisconsin ce ta fara wannan tsari a 1964, amma na Massachusetts ya fi sauƙin misali. A can, wanda ya kai shekara 65 kuma samunsa bai wuce wani ƙa'idajjen adadi ba, idan harajin gidan da yake zaune, haɗe da rabin kuɗin ruwa da na magudana, ya haura kashi 10 cikin 100 na samunsa, jiha za ta mayar masa da rarar. A ce tsohuwa na samun dala 30,000 a shekara, lissafin nata ya kama dala 4,200. Kashi goma dala 3,000 ne, saboda haka dala 1,200 za ta dawo mata. Akwai dai iyaka: dala 2,590 a shekarar haraji ta 2023. Ɗan haya ma yana ciki, domin ana ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin hayarsa a matsayin haraji.

Abin da ya fi burge ni, hukumar gari, wadda ke karɓar harajin gida, ba ta asarar ko sisi. Ta karɓi harajinta cif, ta biya malaman makaranta da 'yan kwana-kwana, ita jiha ce ke ɗaukar nauyin ta hanyar harajin kuɗin shiga. Nan kuma ake yin tuntuɓe. Tsofaffin da samunsu bai kai a caje su haraji ba sukan daina cike takardar harajin kuɗin shiga ta shekara-shekara, alhali sai an cike ta kuɗin ke fitowa, ko da ba a bin mutum komai.