Waiwaye: Dokar Giya Tsakanin Gasar Kasuwa da Lafiyar Jama'a

A kusan kowace haja, burin hukuma shi ne 'yan kasuwa su yi gasa, farashi ya sauko, mai saye ya samu sauƙi. Barasa kuwa ta sha bamban, domin arharta ma musiba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 shan ta ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Shi ya sa masu tsara doka suka shafe fiye da ƙarni suna gaba kura baya siyaki: a ƙyale manya su yi babakere, ko a buɗe gasa giya ta yi arha?

A Amurka ta ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin giya ne ke kama wuri, ya zuba kujeru, ya biya kuɗin lasisi, sannan ya damƙa wa mai mashaya bisa sharaɗin giyarsa kaɗai zai sayar. Mai mashaya da bashi a wuya ba ya korar wanda ya yi tatil. Har abinci ake jerawa kyauta a kan kanta, mai gishiri sosai, don ƙishirwa ta taso. Lebura ya shigo da albashinsa ya fita hannu rabbana, iyali na gida suna jira. Fushin matan nan na cikin abin da ya haifar da haramcin barasa na 1920.

Shekara 13 haramcin ya yi, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Shikago suka kuɗance. Ranar 5 ga Disamba 1933 aka soke shi, aka miƙa wa jihohi iko. Galibinsu suka raba harkar gida uku: mai sarrafawa, ɗan sari, da mai sayarwa ɗai-ɗai, kowa ya tsaya a matsayinsa. Dokar tarayya ta 1935 ta hana kamfani ɗaure mai mashaya da kyauta ko bashi. Jihohi 17 ma gwamnati ce ke riƙe da sari, aƙalla na barasa mai ƙarfi.

Katangar ta hana kamfani mallakar mashaya, amma ba ta hana kamfanoni haɗiye juna ba, kuma a ganina nan ne aka yi sake. A 2008 kamfanin giya na InBev ya saye takwaransa na Amurka, Anheuser-Busch, kan dala biliyan 52. A 2016 ya ƙara da wani babban kamfanin giya, SABMiller, kan fiye da dala biliyan 100, bayan Ma'aikatar Shari'a ta tilasta a sayar da hannun jarin da SABMiller ke da shi a kamfanin giya na MillerCoors. Rahoton Ma'aikatar Baitulmali na Fabrairu 2022 ya nuna kamfanoni biyu ke riƙe da kusan kashi 65 cikin ɗari na kasuwar giyar ƙasar nau'in "beer", duk da ƙananan masana'antu sun haura 9,000.

'Yan sarin ma sun zama giwaye. Ƙaramin mai sarrafawa ya sa hannu da ɗan sari, kayansa na jibge a ƙuryar sito, motoci na fita da na manya, dokar jihohi da dama kuma ta sa rabuwa da ɗan sarin ta yi wuya ainun. A Disamba 2024 hukumar cinikayya ta Amurka, FTC, ta maka babban kamfanin sarin barasa na Southern Glazer's a kotu, tana zarginsa da tsawwala wa ƙananan shaguna farashi fiye da manyan kantuna.

Birtaniya ta gwada tata a 1989, ta tilasta wa manyan kamfanoni sakin dubban mashayu. Wasu kamfanonin suka kwashe su, suka ci gaba da ɗaure masu haya da sharaɗin saye a wurinsu.

Sikotilan kuwa ta tunkari gasar farashin kai tsaye, ta yanke farashin da ba a sayar da barasa ƙasa da shi. Ƙungiyar masu wiski ta ja da dokar har Kotun Ƙolin Birtaniya, ta sha kaye a Nuwamba 2017. Dokar ta fara aiki a Mayu 2018 kan fene 50 (rabin fam) a kowane ma'aunin barasa, wato mililita 10 na tsantsarta, aka ɗaga zuwa fene 65 a Satumba 2024.