Idan ƙungiyar NBA ta zaɓi ɗan wasa ya ce ba ya zuwa: tambayoyi da amsoshi

A ƙwallon ƙafa, matashin ɗan wasa da wakilinsa su ne ke duba kulob ɗin da ya yi musu, su zauna a yi ciniki. A gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka ba haka abin yake ba. Duk shekara a watan Yuni ƙungiyoyi 30 na gasar suna zaman zaɓen sabbin 'yan wasa, zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne suka fi samun damar fara ɗiba. Yaro yana zaune zai ji an kira sunansa da sunan garin da zai koma. A 2025 maganar ta sake tasowa a kan Ace Bailey na Jami'ar Rutgers, wanda ya ƙi zuwa gwaji wajen ƙungiyoyi kafin zaɓe. Utah Jazz ta ɗauke shi a matsayi na 5, daga baya ya je ya sa hannu.

Dole ne ɗan wasa ya sa hannu da ƙungiyar da ta zaɓe shi?

Ba dole ba ne. Babu kwantiragi tsakaninsu tukuna, don haka ba a cin tararsa, ba a kai shi kotu. Abin da ƙungiya ta samu a daren zaɓe shi ne haƙƙin ɗaukarsa: a duk faɗin NBA ita kaɗai ce za ta iya tattaunawa da shi ko ta ba shi kwantiragi. Sauran 29 ɗin an ɗaure musu hannu.

Haƙƙin yana da sharaɗi. Sai ƙungiyar ta miƙa masa tayi a rubuce cikin lokacin da yarjejeniyar NBA da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade, wanda ga ɗan zagayen farko ya kama tsakiyar watan Yuli. In ta yi sake wa'adin ya wuce, yaron ya zama mai 'yancin kansa, ya je inda ya ga dama. Shi ya sa ko ana tsakiyar rigima, takardar tayin ba ta makara.

To in ya zauna a gida, har yaushe ƙungiyar za ta riƙe shi?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin amsar kashi biyu ce.

Wanda shekarunsa suka kai shi cikin zaɓen kai tsaye, kamar wanda ya gama shekara huɗu a jami'a ko ɗan ƙasar waje mai shekara 22, ana riƙe shi har ranar zaɓen baɗi, muddin bai buga wa wani kulob na ƙwararru ba. Daga nan ya sake shiga zaɓe. In ba wanda ya ɗauke shi, ya samu 'yanci. In wata ƙungiya ta ɗauke shi ya sake tirjewa, sai ya ƙara zaman shekara guda kafin ya kuɓuta gaba ɗaya.

Wanda kuma ya shigo da wuri, wato ya bar karatu ya rubuta sunansa da kansa, nasa ya fi tsanani. Ƙungiyar za ta riƙe haƙƙinsa har zuwa shekarar da da ma zai cancanci shiga zaɓe in da bai yi gaggawa ba, matuƙar tana sabunta tayi kowace shekara. Yaron da ya yi shekara ɗaya kacal a jami'a ke nan zai yi zaman shekara uku. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka a sahun goman farko irin waɗannan ne, 'yan shekara 19 ko 20. Shekara uku ba wasan gasa, ba albashi, ga sababbin yara suna tasowa kowace kaka: babu wakili mai hankali da zai ba da wannan shawarar. Komawa jami'a ma ba mafita ba ce, don ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce ɗalibin da ya bar sunansa a zaɓe har wa'adin janyewa ya wuce ya rasa damar buga wa makaranta.

Zai iya tafiya Turai ko China ya buga a can?

Zai iya, kuma ita ce ƙofa ɗaya da ke da faɗi. Amma tafiyar ba ta rage wa'adi, dakatar da shi take yi. Duk tsawon lokacin da yake da kwantiragi da kulob na waje, haƙƙinsa na nan a hannun ƙungiyar da ta zaɓe shi, har zuwa shekara guda bayan ya rabu da wancan kwantiragin ya sanar cewa a shirye yake. In ya sabunta kwantiragi a can, riƙon ya ci gaba.

Danny Ferry ne misalin da aka fi kawowa. Los Angeles Clippers ta ɗauke shi na 2 a 1989 daga Jami'ar Duke, ya ce ba zai buga mata ba, ya tafi Il Messaggero a birnin Rum na Italiya. A watan Nuwamba na wannan shekarar Clippers ta miƙa haƙƙinsa ga Cleveland, ta karɓi Ron Harper da guraben zaɓe biyu na zagayen farko da ɗaya na zagaye na biyu. Ferry ya dawo Amurka ya sa hannu a kwantiragin shekara 10. Ya samu abin da yake so, amma a lura: Clippers ce ta zaɓi inda za ta tura shi da abin da za ta karɓa.

Ricky Rubio, wanda Minnesota ta ɗauka na 5 a 2009, nasa ya haɗa da kuɗin fansar kwantiragi. Kulob ɗinsa na Joventut a Sifaniya yana neman miliyoyin yuro, dokar NBA kuwa a lokacin ba ta yarda ƙungiya ta ba da fiye da dala 500,000 ba, ragowar daga aljihun ɗan wasa zai fito. Sai ya koma Barcelona, bai iso Minnesota ba sai 2011. Fran Vázquez kuwa, wanda Orlando ta ɗauka na 11 a 2005, ya zaɓi ya ci gaba da wasa a Sifaniya har ya yi ritaya bai taɓa buga wa Orlando wasa ko ɗaya ba. Wannan ita ce asarar da shugabannin ƙungiyoyi ke tsoro: gurbi mai daraja ya tafi a banza.

Akwai wata ƙaramar doka da 'yan Turai ke cin moriyarta. In ɗan zagayen farko ya kai shekara uku bai sa hannu ba, ana iya biyansa fiye da ƙayyadadden albashin sababbi, in ƙungiyar tana da sarari a ƙarƙashin iyakar jimillar albashin da NBA ke ƙayyade wa kowace ƙungiya. Bogdan Bogdanović an zaɓe shi na 27 a 2014, ya zo Sacramento a 2017 a kan dala miliyan 27 na shekara uku, ninki da yawa na abin da gurbinsa zai ba shi.

Ba don neman ƙarin kuɗi ake ƙin sa hannu ba?

A da haka ne. Jim Jackson, na 4 a 1992, ya ja daga da Dallas har watan Maris, wasa 28 kawai ya buga a kakarsa ta farko. Glenn Robinson, na 1 a 1994, ya ƙi zuwa sansanin horo har sai da Milwaukee ta ba shi dala miliyan 68 na shekara 10, alhali bai taɓa jefa ƙwallo a NBA ba. Tsofaffin 'yan wasa ba su ji daɗi ba, masu ƙungiyoyi ma haka. A 1995 aka kawo jadawalin albashin sababbi.

Yanzu kowane gurbi a zagayen farko yana da farashinsa a rubuce. Ana iya biyan daga kashi 80 zuwa kashi 120 cikin ɗari na wannan adadi, kuma kusan kowa 120 yake karɓa. Shekara biyun farko tabbatattu ne, ta uku da ta huɗu ƙungiya ce ke da ikon cewa a ci gaba ko a tsaya. Victor Wembanyama, na 1 a 2023, ya fara da kimanin dala miliyan 12 a San Antonio, kuma da wata ƙungiya ce ta ɗauke shi a wannan gurbi, adadin bai canza ba. Saboda haka ciniki a kan kuɗi ya mutu. Abin da ya rage a yi rigima a kai shi ne gari, haraji, kasuwar tallace-tallace, da yawan mintunan da koci zai ba shi.

Ɓata shekara kuma yana da tsada ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Albashi mafi girma a NBA yana bin shekarun aiki: kashi 25 na iyakar albashin ƙungiya ga mai shekara shida ko ƙasa, kashi 30 ga mai bakwai zuwa tara, kashi 35 ga mai goma zuwa sama. Shekarar da aka yi a gida ko a Italiya ba ta shiga wannan lissafi.

In haka ne, ta yaya wasu suka ƙi kuma suka yi nasara?

Ta hanyar sa ƙungiya ta ga musaya ta fi mata riba. Steve Francis, wanda Vancouver ta ɗauka na 2 a 1999, tun a kan dandali fuskarsa ta nuna bai so zuwa can ba. Gidansu yana Maryland a gabashin Amurka, Vancouver kuwa tana can gaɓar yammacin Kanada. Ya kafe, kuma a watan Agusta aka tura shi Houston a wata musaya ta ƙungiyoyi uku da 'yan wasa 11. Ya raba kyautar gwarzon sababbi da Elton Brand a 2000. Vancouver Grizzlies ta ƙaura zuwa Memphis a 2001.

Ba kullum ƙungiya ke faɗuwa ba. Kiki Vandeweghe ya ƙi Dallas a 1980, aka tura shi Denver, kuma da ɗaya daga guraben da Dallas ta karɓa ne ta ɗauki Rolando Blackman, wanda ya shafe shekara 11 yana buga mata. Billy Owens ya ƙi Sacramento a 1991, ita kuma ta samu Mitch Richmond daga Golden State, ɗan wasan da ya fi Owens nisa ba kusa ba. Utah ce ta yi asara a 1982 da ta ba Atlanta Dominique Wilkins ta karɓi 'yan wasa biyu da tsabar kuɗi.

Wani abu na aiki: haƙƙin ɗan wasa ana iya musayarsa nan take, ko a daren zaɓen. Amma da zarar ya sa hannu, sai an jira kwana 30. Shi ya sa in ana shirin musaya, ɓangarorin biyu sukan jinkirta sa hannu da gangan, kuma jinkirin makonni kaɗan ba lallai ne ya zama alamar rigima ba.

Me ƙungiya ke yi kafin ta haƙura?

Lallashi, sannan jira, don lokaci yana gefenta. Da Milwaukee ta ɗauki Yi Jianlian na 6 a 2007, wakilansa suna son gari mai yawan 'yan China. Mai ƙungiyar, Herb Kohl, ya tashi takanas zuwa Hong Kong, kuma a ƙarshen Agusta Yi ya sa hannu. Abin da ke matsa wa ƙungiya lamba shi ne cewa ko yaron bai sa hannu ba, ana lissafa kashi 120 na albashin gurbinsa a cikin iyakar kuɗinta, sai dai in an rubuta cewa ba zai zo a wannan kakar ba.

Akwai abin da ɗan wasa zai iya yi tun kafin a zaɓe shi?

Nan ne ƙarfinsa na gaskiya yake. Zai iya ƙin zuwa gwaji na musamman, ya ƙi ganawa da shugabannin ƙungiya, wakilinsa ya buga waya ya ce kada a ɗauke shi. Wasu lokuta yana aiki, sau da yawa ba ya yi. A 2009 mutanen Stephen Curry sun so ya faɗa hannun New York a gurbi na 8, ba su kai shi gwaji Golden State ba, ita kuwa ta ɗauke shi a na 7 duk da haka.

Babban makamin wakilai a da shi ne ɓoye sakamakon gwajin lafiya, don shugaba ba ya son zuba gurbi mai tsada a kan gwiwar da likitansa bai gani ba. Yarjejeniyar NBA da 'yan wasa ta 2023 ta rage kaifin wannan. Daga 2024 duk wanda aka gayyata babban gwajin haɗin gwiwa na Chicago a watan Mayu sai ya je an duba shi, in ba shi da uzurin da aka amince da shi, kuma ana raba sakamakon ga ƙungiyoyin da ke kusa da gurbin da ake hasashen zai faɗa. Sannan dabarar tana iya juyewa kan mai ita: duk gurbin da ya zame ƙasa, albashinsa na shekara huɗu ya ragu.

'Yan zagaye na biyu fa?

Su ba su da jadawalin albashi, ciniki ake yi, kuma wannan ya ba su ɗan sarari. K.J. McDaniels, na 32 a 2014, ya ƙi doguwar yarjejeniya mai arha da Philadelphia ta kawo, ya karɓi tayin dole na shekara ɗaya a mafi ƙarancin albashi ba tare da tabbaci ba. Bayan shekara ya samu dala miliyan 10 na shekara uku a Houston. Kasada ce, don da ya ji rauni a farkon kaka da an sallame shi ba ko sisi. Austin Reaves a 2021 ya gwammace kada Detroit ta ɗauke shi a na 42, aka gama zaɓe ba a kira shi ba, ya zaɓi Lakers da kansa.

Haƙƙin 'yan zagaye na biyu da ke wasa a waje yakan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. James Nnaji, haifaffen Makurɗi, Detroit ta zaɓe shi na 31 a 2023 yana Barcelona, haƙƙinsa ya koma Charlotte, a 2024 kuma ya koma New York cikin musayar Karl-Anthony Towns, duk bai buga wasan gasar NBA ba.

To yaushe ɗan wasa zai zaɓi garinsa da kansa?

Ga ɗan zagayen farko, ya fi shekara huɗun da ake gani a takarda. Bayan kaka ta huɗu, in ƙungiyar ta miƙa masa tayin shekara ɗaya da doka ta tanada, duk kwantiragin da wata ƙungiya ta ba shi tana da ikon biyan daidai ta riƙe shi. Hanya mafi sauri ita ce ya karɓi wannan tayi na shekara ɗaya, ya buga kaka ta biyar yana addu'ar kada ya ji rauni, sannan ya fita ba igiya. Taurari kaɗan ne ke bin ta, don ƙungiyar da ta zaɓe su tana iya ba su ƙarin shekara biyar tun bayan kaka ta uku, a kan kuɗin da ba wanda zai iya kaiwa. Wanda ya karɓa ya shafe shekara takwas ko tara ke nan a garin da bai zaɓa ba, kuma a ganinmu wannan tsawo ya yi yawa ga sana'ar da yawancin masu yinta ba sa kai shekara goma a fili.